Ba a Yanka Sai Jirgi Ya Tashi

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce zuciyata dutse ce, wai wadda take son mutum ba ta ba da labarinsa kamar mai karanta sakamakon gwajin jini. To, aikina ke nan. Shekarata huɗu a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a nan Birnin Kudu, kuma abin da aka koya mini shi ne in duba suna, in duba kwanan wata, in rubuta abin da na gani ko da mai jinin yana tsaye a kaina. Ban iya wani salon ba, sai ku karɓe ni a haka.

Ga wanda yau ya fara bina, sunana Munawwara, shekarata ashirin da shida, ni ce 'yar fari a gidan marigayi Malam Yunusa. Mu biyu ne a gaban Inna, ni da ƙanwata Juwairiyya. Ita tuni manemi ya fito mata, wani Safiyanu mai shagon kayan waya, amma Inna ta ce ba za a tsallake babba ba. Saboda haka duk ranar da maganata ta ja baya, ta Juwairiyya ma ta ja, kuma ba ta ɓoye mini cewa tana ƙirgawa.

Nawa manemin shi ne Musaddiq. Asalin iyayensa mutanen Unguwar Ya ne, amma a Legas aka haife shi, a can yake aiki a wani kamfani mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa. A bikin ƙawata Hidaya muka haɗu, shi yana cikin abokan ango. Shekara ɗaya da rabi ke nan, sau uku na gan shi ido da ido, sauran duk a waya ne. Ina son sa. Na faɗa tun yanzu don kada baiwar Allahn nan ta sake rubuto mini.

Abin da ya tsayar da mu mutum ɗaya ne, Baffa Haladu, yayan mahaifina kuma waliyyina. A Fagam yake, can ƙasar Gwaram, yana noma yana kiwo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana, Inna kuwa ba ta taɓa kama sunan nan ba, sai dai "ke". Da aka kai wa Baffa maganar Musaddiq ya yi bincikensa, ya ce gidan mutunci ne, amma kafin a turo magabata sai ya ga yaron da idonsa. Na ce akwai kiran bidiyo, zai gan shi sarai.

Ya ce, "Uwata, shekara arba'in ina shiga kara, ban taɓa sayen saniya ta hoto ba. Gani ya kori ji."

Dokarsa ta farko ke nan. Ta biyu kuwa duk Fagam an san ta, wanda ya yi masa ƙarya sau ɗaya ya gama hulɗa da shi. Akwai ɗan gwaggonsa da ya taɓa ɓoye masa cewa wani bijimi yana tari. Shekara goma sha ɗaya ke nan, suna gaisawa, suna haɗuwa a suna da jana'iza, amma ko kaza ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Makara, mantuwa, wauta, duk Baffa yana yafewa, har ya yi dariya. Wannan ɗayar ce ba ta da magani a wajensa.

Musaddiq ba ya samun hutu sai Asabar da Lahadi, mota kuma daga Legas ita kaɗai za ta cinye kwana biyun. Dole sai jirgi zuwa Kano, daga can ya shigo mota ta awa biyu. Sai ya zaɓi kamfanin Shamuwa, waɗanda tikitinsu ya fi na kowa sauƙi. Araha ba ta ado, an faɗa.

Zuwan farko a watan Mayu aka sa shi, ana tsananin zafi. Baffa ya baro Fagam bayan sallar asuba, Inna ta sa aka yanka zakaru uku, na sha lalle hannu da ƙafa. Jirgin ƙarfe tara da minti arba'in ya koma na sha biyu, na sha biyu ya koma na uku, ƙarfe biyar kuma suka turo saƙon da yanzu na haddace ma'anarsa: suna baƙin cikin sanar da fasinja cewa an soke tafiyar saboda wasu dalilai na aiki, suna kuma godiya da fahimtarsa. Maƙwabta ne suka ci zakarun. Baffa bai ce komai ba sai, "Abin da ya fi ƙarfin mutum ba a kama shi da shi."

Kamfanin ba su cika mayar wa mutum kuɗinsa da wuri ba, sai dai su ɗaga masa tafiyar zuwa wata rana, shi ya sa Musaddiq ya ci gaba da zama a hannunsu. Aka sa rana ta biyu a watan Yuli, tsakiyar noma. Wannan karon Baffa da rago ya zo, fari mai baƙin kunne, daga garkensa, an ɗauro shi a bayan mota. Ya ce a gidansu baƙo mai daraja ba a tarbarsa da kaza. Allah ya taimaki ragon, saƙon sokewa ya iso da sassafe, kafin a wasa wuƙa. Baffa ya ɗaure shi a turken da ke gindin darbejiyar tsakar gidanmu, ya ce ya zauna nan har mai rabonsa ya zo.

Sati biyar ragon nan yana gidanmu. Ya ci dusa, ya ci harawa, ya ci zanin Inna guda da aka shanya kusa da shi. Juwairiyya ta sa masa suna Fasinja, wai shi ma jirgi yake jira. Duk matar da ta shigo gidan sai ta kalle shi ta kalle ni, sannan ta ce, "Har yanzu dai?" A wajen aiki ma an ji labari. Ban damu sosai ba, amma na daina fita ta ƙofar da masu jiran kati suke zama.

A ranar da aka yi sokewa ta biyun ce Inna ta kafa tata dokar. Ta ce, "Daga yau ba a ɗora tukunya, ba a yanka, sai jirgin nan ya bar ƙasa. Shamuwar gaske ma ba ta saɓa damina, sai wannan ta bogi."

Tambayar ita ce, wa zai san ya bar ƙasa? Wani likita a wajen aikinmu ya nuna mini wata manhaja, kana sa lambar jirgi sai ka gan shi a kan taswira, ɗan ƙarami ruwan ɗorawa, yana rarrafe. Na sauke ta. Ban gaya wa Musaddiq ba, ba don ina zarginsa ba, kunya ce kawai. Ban so ya san cewa nakan zauna a wajen aiki ina kallon jirgin Legas na ranar Talata, wanda babu kowa nawa a ciki.

Asabar ɗin da ta wuce ita ce rana ta uku.

Ruwa ya sauka da asuba, gari ya yi sanyi. Ƙarfe takwas Baffa ya yi sallama, babbar rigarsa shuɗiya ta jiƙe a kafaɗa, yana riƙe da ƙwaryar fura da galan ɗin nono da matarsa ta aiko. Inna ta jiƙa shinkafar waina tun jiya, ta gyara kabewa da alayyahu na miyar taushe, amma murhu a kashe yake, itace a jere a gefe. Falo ya sha turaren wuta, an sa labulen da ba a fito da shi sai da salla. Ni kuma na sa atamfata koriya mai zanen ganye, riga da siket, karo na uku ke nan da nake sa ta domin mutum ɗaya. Mayafin ruwan toka na rataye shi a ƙofa don kada ya yamutse. Ruƙayyatu mai lalle ta ce in aka sake ɗagawa sai dai ta zana mini jirgin a tafin hannu.

Saƙonsa na farko ya shigo ƙarfe shida da kwata.

"Na tashi, Muna. Yau dai sai ikon Allah."

Ƙarfe bakwai da rabi na rubuta masa, "Ka fita?"

"Ina karyawa."

"Ka yi sauri mana."

"Waɗannan mutanen? In sun ce tara da arba'in, sha biyu suke nufi. Na san su kamar yunwar cikina." Ya haɗa da fuskar dariya.

Ni ma na tura masa fuskar dariya. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Na zauna a bakin gado da waya a hannu, Juwairiyya tana leƙowa ta kafaɗata. Tara da arba'in ta yi, babu komai. Tara da hamsin da biyu sai ɗan jirgin ya bayyana, ya juya hanci arewa, lambobin da ke ƙarƙashinsa suka fara hawa. Na duba lambar jirgin sau biyu, na duba kwanan wata, kamar yadda nake yi wa kwalbar jini. Na ba shi minti biyar don kada ya juya. Bai juya ba.

Na fito tsakar gida na ce, "Inna, ya tashi."

Ta ce, "Ke, kin tabbata?"

"Ga shi nan, har ya yi nisa da Legas."

Na miƙa wa Baffa wayar ya gani. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ke kika gani, Uwata, ya isa." Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya kwance ragon. Wani maƙwabcinmu ya riƙe masa. Juwairiyya ta juya baya tana cewa, "Allah sarki Fasinja, kai ka riga kowa isa." Inna ta hura wuta, nan da nan gidan ya cika da hayaƙi da ƙamshin albasa.

Ƙarfe goma da minti talatin da biyar wayata ta yi ƙara. Saƙon Musaddiq ne. Abin da na fara tunani shi ne, mutumin da yake sama ba shi da sabis.

"Muna, innalillahi. Sun sake sokewa. Ban san me zan ce ba."

A ƙasa ga hoton saƙon kamfanin, suna baƙin cikin sanarwa, suna godiya da fahimta. Na koma manhajar. Jirgin yana nan abinsa, ya kusa Kaduna.

Ban yi kuka ba, ban kuma ji jiri ba, ga masu son su ji haka. Na koma sama cikin hirarmu har watan Yuli, na buɗe hoton da ya turo mini a wancan karon, na ajiye su gefe da gefe. A saman na Yuli agogon wayarsa yana cewa bakwai da minti takwas, cajinsa talatin da huɗu. A saman na yau ma bakwai da minti takwas, caji talatin da huɗu. Bambancinsu ɗaya, na yau an yanke ƙasansa, daidai inda kwanan wata yake.

Na shiga ɗaki na tura ƙofa, na kira shi.

"Muna, wallahi raina ya ɓaci. Mutanen nan ba su da..."

"Yaya Musaddiq, jirgin yana kan Kaduna."

"Wane jirgin?"

"Naka. Ina kallon sa. Saura minti ashirin da wani abu ya sauka Kano."

Ina jin hayaniyar filin jirgi a bayansa, wata mata tana sanarwa a lasifika. Wannan dai gaskiya ne, yana can.

Ya ce, "A ina kike kallon sa?"

"Ba ita ce tambayar ba."

Sai ya sauke murya ya faɗa mini. Takwas da rabi ya bar gida, ya tarar da cunkoso a hanya, ya isa tara da ashirin da biyar. Sun rufe karɓar fasinja. Ya roƙa, ya yi faɗa, ya nuna musu saƙonnin sokewa biyu da suka yi masa a baya, ma'aikaciyar ta ce ita dai an rufe. Ta taga ya hango jirgin yana ja da baya. Ya zagaya sauran kamfanoni, babu kujera sai Litinin.

"Yau ɗaya tak, Muna. Yau ɗaya a tarihinsu suka tashi a kan lokaci."

Da a wani labarin ne da na yi dariya. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Sun koya masa makara na wata huɗu, ranar da ya iya kuma suka canza darasi.

Na ce, "An yanka ragon."

"Innalillahi."

"Ni na ce a yanka."

"To ki saurare ni, don Allah. Ki ce abin da kike kallon ne ya yi kuskure, wani jirgin ya nuna miki. In an soke, laifin kamfani ne, kowa ya san halinsu. In kika ce na makara, dattijo ya taso daga Fagam sau uku, ya bar gonarsa, ni kuma ina zaune ina shan shayi? Da wane ido zai kalle ni?"

"Baffa yana yafe makara. Ƙarya ce ba ya yafewa."

"Shi ya sa ba zai sani ba. Daga ni sai ke."

Na ce, "Na farko da na biyu fa?"

"Wallahi tallahi gaskiya ne. Haba Muna."

Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Na dai lura cewa sai da na tambaya, abin da jiya ba zai zo mini a rai ba.

Na fito. An gama fiɗa, naman yana kan babban faranti, fatar a shimfiɗe a gindin darbejiya an zuba mata gishiri. Baffa yana tsugune yana wanke hannu da buta. Inna tana juya waina a tanda, ta ɗago ta kalli fuskata, cokalin ya tsaya a hannunta.

"Ke, lafiya?"

Ina da amsa biyu, duka a shirye. Ɗaya za ta iya raba ni da Musaddiq a ranar, ta bar Juwairiyya a layi, ta bar ni da matan unguwa da tambayarsu. Ɗayar kuma ba za ta taɓa kowa ba sai kamfanin da dama sunansa ya riga ya ɓaci. Ban daɗe ina zaɓa ba, kada in yi muku ƙarya ku ma.

Na ce, "An soke. Wayar ce ta nuna mini wani jirgin daban."

Inna ta zauna a kan turmi. "Ai ga irinta nan. Na ce sai ya tashi, kin zo kin ce ya tashi. Yanzu wa zai mayar da rago?" Juwairiyya ta ajiye tsintsiya ta shige ɗaki, ta bugo ƙofa har labulen salla ya motsa.

Baffa ya gama wanke hannunsa a tsanake, yatsa bayan yatsa. Ya miƙe.

"Uwata, an soke?"

"An soke, Baffa."

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kira mini shi in yi masa jaje."

Wannan ban shirya masa ba. Baffa bai taɓa yarda ya yi magana da Musaddiq a waya ba. Kunnensa na dama ba ya ji sosai, don haka na buɗe muryar kowa ya ji, na riƙe masa wayar a gaban bakinsa.

Musaddiq ya gaishe shi kamar yana durƙushe. Ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi damina. Sannan Baffa ya ce, "Yaro, an ce sun sake hana ka tafiya."

"Wallahi Baffa, haka Allah ya so. Tun bakwai nake nan. Mun fi mutum ɗari a tsaye, ma'aikatan duk sun ɓuya. Akwai wata tsohuwa ma da za ta je jana'izar ɗanta a Kano, tana zaune a ƙasa tana kuka, ni na saya mata ruwa."

Na san tsohuwar nan. A watan Yuli ya ba ni labarinta, kuma a lokacin gaskiya ce, har hotonta ya turo mini daga nesa. Yau ya ɗauko ta ya sake zaunar da ita a ƙasa. Muryarsa ba ta yi rawa ba, bai yi tuntuɓe a kalma ɗaya ba. Ni da na yi tawa ƙaryar a jimla biyu, har lokacin tana damuna. Na tsaya riƙe da waya ina sauraron mutumin da nake so, ina mamakin yadda abin ya zo masa da sauƙi.

Baffa ya ce, "Allah ya saka maka. Ka yi haƙuri, ka koma gida ka huta."

Aka ci nama. Inna ta aika wa maƙwabta, wannan karon sun samu ƙarin girma daga kaza zuwa rago. Na cire atamfar na ninke, na sa doguwar rigar zaman gida. Bayan azahar Baffa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, kusa da turken da babu komai a jikinsa, ya kira Inna ya kira ni.

Ya ce, "Na yi tunani. Yaron nan sau uku yana kai kansa filin jirgi saboda ni, sau uku ana mayar da shi, bai gaji ba, bai ce tsohon nan ya cika fitina ba. Har yana da zuciyar da zai ga tsohuwa a ƙasa ya ba ta ruwa." Ya juyo gare ni. "Na ce ba na saye ta hoto, har gobe ba na yi. Amma in ina da wanda na yarda da idonsa, nakan aike shi kara a madadina. Yunusa kaɗai na taɓa yi wa haka, don tun muna yara bai taɓa ce mini fari a kan baƙi ba. Ke jininsa ce. Na ari idonki, Uwata. Ki ce masa ya turo magabatansa, in an cire amfanin gona a sa rana."

Inna ta sunkuyar da kai, don ba ta nuna murna a kan 'yar fari, amma na ga bakinta yana motsi da hamdala. Juwairiyya, wadda ashe tana laɓe a bayan labule, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta rungume ni tana cewa, "Adda Muna, Fasinja bai mutu a banza ba!"

Na rubuta wa Musaddiq abin da Baffa ya ce, kalma da kalma. Kafin minti ɗaya amsa ta zo, zuciyoyi ja sun cika layi biyu.

"Kin gani ko? Allah ya yi mana. Na gode, matata. Ke ce rufin asirina."

Abin da nake roƙo ke nan shekara ɗaya da rabi, ga shi an ba ni a hannu. Ban ji daɗi ba. Kunya na ji, mai nauyi. A wajen aiki an taɓa kawo mini takardar wani da nake jin nauyinsa, aka ce in gyara lamba ɗaya kawai, na ƙi, muka ɓata har yau. Ashe ba gaskiya ce ta yi mini yawa ba, ba a taɓa gwada ni a kan abin da nake so ba ne.

Bayan la'asar Baffa ya yi shirin komawa. Inna ta ƙulla masa cinya guda a leda, ta wanke ƙwaryar fura ta zuba masa waina a ciki. Ya je gindin bishiya ya kwance igiyar ragon daga turke, ya naɗe ta a hannu ya sa a aljihu. Baffa ba ya barin igiya, ya ce wata dabbar tana jiran ta.

Na ce zan raka shi bakin titi. Ya ce in zauna, na ce ledar da nauyi. Na yafa mayafin ruwan tokan nan da ya wuni a rataye, muka fito. Ƙasa a jiƙe take, muna tafiya muna kauce wa kwatami, shi a gaba ni a baya. Wayata tana ta motsi a hannuna, Musaddiq ne yake kira, na kife ta a jikin ledar.

A inda motocin Gwaram suke tsayawa muka samu benci. Baffa ya zauna yana kallon hadarin da ke haɗuwa ta gabas, ya ce in ruwan nan ya sauka a Fagam gero ya gama samun abin da yake so. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Da Yunusa yana nan da shi zai yi wannan wahalar, ni ina gefe ina cin nama. Allah ya ji ƙansa. Ya bar mini amana mai sauƙi."

Na ce amin.

Ina so ku san abin da na sani a kan bencin nan, don kada wani ya ce ban yi lissafi ba. Na san in na yi shiru babu mai tonawa, kamfanin Shamuwa ba zai zo Fagam ya kare kansa ba. Na san in na yi magana ba Musaddiq kaɗai zai shiga layin ɗan gwaggo mai bijimi ba, ni ma ina ciki, don ni na kalli tsohon nan na ce masa an soke. Kuma na san har a lokacin ina son Musaddiq, babu abin da ya ragu.

Mota ta zo, ƙaramar bas mai ɗauke da buhunan taki a sama. Direba ya leƙo yana kiran Gwaram, mutum ɗaya. Aka ba Baffa gaba saboda girmansa. Na miƙa masa ledar da ƙwaryar, ya tattare babbar riga, ya sa ƙafar dama a ciki.

Na ce, "Baffa."

Bai ji ba, kunnen dama ne yake wajena. Da na so, da na bar shi a haka. Na zagaya ta hagunsa.

"Baffa, jirgin ya tashi."

Ya tsaya a yadda yake, ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa. Ya daɗe yana kallona, ni kuma ban sunkuyar da kai ba, duk da haka aka koya mini. Direba ya danna ham. Baffa ya janye ƙafarsa a hankali, ya sauke ledar naman a kan benci, ya tura ƙofar motar ta rufu.

Ya ce wa direba, "Je ka, Malam. Ban gama ba."